Inda muka kai: ɗaure waƙa a fiyano kafin ranar biki

'Yan'uwa masu koyo, aikin wannan mako shi ne shirya kowace waƙa tun daga gida, ta yadda in an hau dandali yatsa ɗaya zai kira ta. Bayanin a kan Yamaha yake, irin su PSR-S670, S970 da SX700, masu maɓallan rajista guda 8 a gaba, wato maɓallan da ke riƙe saitin da aka adana.

Tsarin da ya zauna shi ne kowace waƙa da bankinta, wato fayil ɗaya mai ɗauke da saitin maɓallan nan 8, kuma lambobin ba sa sauya aiki. Lamba 1 buɗewa, 2 baiti, 3 amshi, 4 wurin da sarewa ko jita ke magana ita kaɗai, 8 rufewa. Lamba 5 ita ce mafi daraja: ganga da bes kawai, an kashe sauran. A biki mawaƙi ba ya bin tsawon waƙar da aka yi a situdiyo. Da zarar dangin amarya sun taso liƙi, zai tsaya yana ambaton sunaye yana kirari, abin da aka tsara na minti 5 ya kai 15. Shi ya sa sitayil, wato kiɗan rakiya da fiyano ke bugawa da kansa, ya fi kiɗan da aka naɗa, domin yana ta juyawa har sai an ce ya tsaya. A lamba 5 ake jira, murya ta fito tas, in ya ɗaga hannu a koma 3.

Kafin a adana komai, a fara daidaita murya. Mawaƙin ya rera amshi, don a nan murya ke hawa, a riƙa matsa Transpose, maɓallin ɗaga ko sauke muryar kiɗa, rabin mataki rabin mataki har ya kai ƙololuwa ba tare da ya matse maƙogwaro ba. 'Yan amshi mata su ma su gwada. Sannan a buga gudun kiɗan da Tap Tempo daidai da tafinsu. Waɗannan biyun dole su shiga dukkan maɓallan. In an manta a ɗaya, ana danna shi kiɗa zai koma muryarsa ta asali a tsakiyar baiti, kuma wannan ne kuskuren da ya fi kunyata makaɗi. Ranar wasa in muryar mawaƙi ta dushe, a sauke Transpose, a zaɓe shi a jerin Freeze, mai hana saiti sauyawa, a kunna, rajista ba za ta taɓa shi ba.

Sitayil ɗin kamfani na buƙatar aski. Yawancin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, su kuwa sassan Phrase 1, Phrase 2 da Pad sukan jefo sautukan da ke karo da karin waƙar. A kashe su, a saurara, a dawo da wanda bai yi karo ba. A kashe OTS Link ma, in ba haka ba sauya sashen sitayil daga Main A zuwa B zai sauya sautin hannun dama.

Adanawa hawa biyu ce. Danna Memory da lamba ya sa saitin a maɓalli ne kawai. Sai an ajiye bankin da sunansa, domin buɗe wani banki yana shafe abin da ba a ajiye ba. Rajista kuma ba ta haɗiye sitayil, adireshinsa take riƙewa. Wanda ya sauya sunan folda a filas, ko ya matsar da fayil, zai danna ya ji wani kiɗa daban. A sa wa bankuna lamba a gaban suna, 01, 02, bisa jerin shirin, a kwafi filas ɗin gaba ɗaya a na biyu.

A wurin biki: a kashe Auto Power Off, don yana kashe fiyano bayan minti 30 in ba a taɓa shi ba, kuma jawabin iyaye kan wuce haka. In waya ɗaya za a kai mikisa, a sa ta a ramin L/L+R. Wutar janareta ta bi ta sitabilaiza. Kada a taka feda yayin kunnawa.

Abin da bai gyaru ba tukuna shi ne sauka daga waƙa zuwa waƙa ba tare da kiɗa ya yanke ba, musamman in gudunsu ya sha bamban. Mako mai zuwa za a gwada Break, wato ɗan gajeren tsaiko a cikin sitayil, da jera rajista a feda.