Rakiyar Ƙarin Jini: Daga Bhalwal Zuwa Lahore

Abokin karatuna a Islamabad, babban birnin Pakistan, ɗan wani ƙauye ne kusa da Bhalwal, a gundumar Sargodha. Cikin watan Janairu ya tambaye ni ko na taɓa ba da jini. Na ce na taɓa, a gida Zariya, lokacin da aka kwantar da 'yar yayata mai sikila. Sai ya ce ɗan yayansa mai shekara 4 yana da talasimiya, ciwon gado da ke hana jiki ƙera isasshen jini, duk bayan mako uku sai an ƙara masa jini, kuma cibiyar da suke zuwa a Lahore tana roƙon kowane gida su kawo wanda zai mayar da ledar da yaronsu ya sha. Shi ya bayar watan jiya, sai ya cika wata uku kafin a sake karɓa. Uban yaron kuwa jininsa kullum a bakin iyaka yake, ba a ɗauka.

Muka shiga bas a tashar Faizabad, muka hau babban titin M-2, wanda aka buɗe a 1997 tsakanin Islamabad da Lahore. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce har sai an wuce Kallar Kahar, inda take gangarowa daga duwatsun gishiri a murɗe. Nan direba ya rage gudu sosai, manyan motoci na rarrafe a gefe, warin birki na shigowa ta taga. Da muka tsallake kogin Jhelum muka wuce Bhera, sai gonakin lemu suka fara, hagu da dama. Lokacin tsinkar kinnow ne, lemun da aka san Sargodha da shi, taraktoci na ja da shi tirela tirela. Riksha ta ƙarasa da mu ƙauye dab da magariba.

Yaron na kwance kan gadon igiya a tsakar gida, an lulluɓe shi da bargo. Da baffansa ya ɗaga shi na ga hannaye sirara, ciki kuma ya ɗan fito ta gefen hagu, inda saifa take. Uwar ta ja fatar idonsa ƙasa ta nuna wa mijinta: fari fat. Yana da wata takwas aka gano ciwon, lokacin da ya daina kama nono yadda ya saba, ya yi fari, ya daina girma. A irin wannan lokacin ciwon ya saba bayyana, domin jinin da jariri ke zuwa duniya da shi yana ƙarewa a watannin farko, shi kuma jikin mai talasimiya mai tsanani ba ya iya ƙera na manya yadda ya kamata.

Wajen cin abincin dare na ga ainihin wahalar gidan. An kawo gurasa mai zafi da miyar dal da kindirmo. Uwar ta gutsiri gurasa ta tsoma a kindirmo ta kai bakinsa, ya kau da kai. Ta jira, ta sake. Ya karɓa, ya ajiye a kumatu bai haɗiye ba. Kakarsa ta fito daga madafa da soyayyiyar hantar akuya a faranti, tana cewa, "Puttar, loma ɗaya kawai, don kaka." Uwar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ammi ji, likita ya hana." Tsohuwar ta juyo gare ni, abokina na fassarawa: wane irin likita ne zai hana yaron da ba shi da jini cin hanta?

Ban ga laifinta ba. Mu ma a gida da an ce jinin yaro ya yi ƙasa, abin da ake fara rugawa a kawo shi ne hanta da zogale da kwalbar maganin ƙarin jini daga kemis. Sai dai wannan yaron ba sinadarin ƙarfe ya rasa ba, yawa ma ya yi masa. Ledar jini guda ta babban mutum tana ɗauke da kimanin miligiram 200 na ƙarfe, alhali abin da hanjin mai lafiya ke tsotsa daga abinci a yini bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba, kuma jiki ba shi da hanyar zubar da rarar. Sai ta taru a hanta da zuciya da sassan da ke kula da girma da sukari. Wanda aka ƙara wa jini sau 10 zuwa 20, ko awon feritin ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfen da ya taru a jiki, ya haura 1,000, dole a fara ba shi maganin fitar da ƙarfe.

Da asuba na ga yadda ake shan maganin. Deferasirox ne, irin wanda ake narkarwa. Uwar ta jefa ƙwayar a kofin ruwa, ta juya da cokali har ya yi fari, yaron ya sha yana yamutsa fuska, ta ƙara ruwa ta ɗauraye kofin ta ba shi sauran. Sai an yi rabin awa kafin ya ci wani abu. Ta ce a farkon fara shi har amai da gudawa ya yi, kuma har yanzu wasu ranakun yakan tashar masa da zuciya. Amma ta gode Allah, domin yaran da suka riga shi allurar deferoxamine ake maƙala musu a ƙarƙashin fata da ɗan inji, awa 8 zuwa 12, kusan kowane dare.

Mun so fita da wuri, hazo ya hana. Hazon Disamba na Kano wasa ne a kan wannan: jiƙaƙƙe, mai sanyi, ba ka ganin bishiyar da ke ƙofar gida. 'Yan sandan titi sun rufe M-2, sai da hantsi ya dubi ludayi aka buɗe. Yaron ya yi barci a cinyar uwarsa tun kafin kogin Chenab, bai farka ba sai da muka tsallake Ravi muka shiga cunkoson Lahore.

A Pakistan gidauniyoyi irin su Fatimid da Sundas ne suka ɗauke wa talakawa babban kaso na wannan nauyi. Cibiyar da muka je ta cika da iyaye, kowa da fayil a hammata da kwanon abinci. Aka ɗebi jinin yaron don awo da haɗa shi da ledar da ta dace. Awon ƙarfin jinin ya fito 8, likita ta ce ta fi so kada ya sauka ƙasa da 9 kafin a ƙara, don haka za a matso da ranar dawowa. Ni aka kai ni wani ɗaki, aka tambaye ni rabona da zazzaɓin cizon sauro da zuwa gida, aka ɗebi leda guda. Nawa ba shi za a sa wa yaron ba, sai an gwada shi kan ciwon hanta na B da C da HIV da sauransu, ya shiga ma'aji. Na dangi na kusa ma ba a sa masa, don kada jikinsa ya ƙi dashen ɓargo in Allah ya hore nan gaba.

Neman jijiya ya ba nas wuya, bayan hannayen duk tabon allura ne. Yaron bai yi kuka ba, ya miƙa ɗayan hannun da kansa. Jinin ya ɗauki fiye da awa uku yana ɗiga, nas na zuwa tana duba zafin jikinsa. Wajen ƙarshe leɓensa ya fara ja, ya tashi zaune ya ce yunwa yake ji. Uwar ta buɗe kwano, dafaffen ƙwai da shinkafa mai laushi da man shanu, ya cinye rabi.

Ta bayyana mini tsarinta muna jiran takarda. Mako biyun farko bayan jini shi ne lokacin cikonta: ƙwai, madara, kindirmo, kaza, duk abin da ya nema. Makon ƙarshe in jinin ya fara ja baya, gajiya da saifar da ke danne tumbi su hana shi ci, sai ta koma kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini, ba tilas, ba bugu. Shayi da madara take ba shi tare da abinci, tunda yana rage tsotsar ƙarfe, amma sai ya ci lomomi tukuna, in ba haka ba shayin ya cika cikin. Lemun gonarsu kuwa sai tsakanin abinci, saboda yana ƙara tsotsar.

Abin da likitar ta faɗa musu ya fi tsaya mini a rai. Ta ce tana ganin yaran da tsoron ƙarfe ya sa iyaye suka hana su nama da ganye da wake har suka rame, alhali ƙarfen daga leda yake zuwa, kuma magani ne ke fitar da shi. Hanta da maganin ƙarin jini da garin jarirai mai ƙarin ƙarfe ne a guje wa, sauran a bar yaro ya ci. Ta rubuta folik asid, ta ce a duba bitamin D da zinki, domin rashin zinki ma yana kashe sha'awar abinci.

Iyayen yaron 'ya'yan wa da ƙani ne, ba su san kowannensu na ɗauke da ciwon ba, kuma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Lardin Sindh ya yi doka kan rigakafin talasimiya a 2013, Kano ta yi tata ta gwaji kafin aure a 2024. Sai dai wanda takardarsa ta ce AA yana iya ɗauke da talasimiya, ba zai sani ba in ba an yi masa awon jinin da ake kira HbA2 ba.

Da za mu fita, ma'aikacin da ke rubuta ranar dawowa ya tuna musu azumi na tafe, masu ba da jini suna raguwa, su fara neman mutane tun yanzu. Abokina ya dube ni. Nawa sai bayan wata uku, don haka a tashar Thokar Niaz Baig, kafin bas ɗin Islamabad ta cika, na rubuta a zauren WhatsApp na ɗaliban Najeriya cewa ana neman masu ba da jini, a bayar bayan shan ruwa, kuɗin mota a wuyan iyayen yaro.