Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Shekarar da Aka Hana Acaɓa

A makon jiya na tsaya a inda shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, ta ce daga zango na biyu ni zan riƙe Turancin 'yan SS3, ajin da aka tara yaran da makaranta ke ji da su. Su talatin da huɗu ne, maza da mata, kuma 'yan watanni suka rage su zauna WAEC.

Ranar farko na ce kowa ya rubuto mini muhawara a kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo. Na kwaso littattafan na zo da su gida, bayan sallar isha'i na baje su a kan tabarma. Turanci kam akwai shi, har da kalmomin da sai na buɗe ƙamus. Kowa ya gai da shugaban taro da alƙalai da mai duba lokaci da abokan karawa, kamar yadda aka haddace musu. Daga nan sai fanko. Yaro zai cika shafi biyu yana nanata cewa makarantar kwana ta fi, bai kawo dalili ɗaya da za a iya kamawa ba. Kuma a cikinsu duka babu wanda ya nuna ya san ɗaya ɓangaren ma yana da bakin magana.

Ban ga laifinsu ba. A insha'in WAEC ana son kalmomi kamar 450, maki 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na kiyaye nahawu da ƙa'idar rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Yara sun yi lissafi sun ga 30 na harshe ne, sai suka tattara ƙarfinsu a can. Abin da ba a gaya musu ba shi ne, wanda ba shi da abin faɗa, harshen ma ba ya yi masa kyau. Sai kumbura.

Na koma kan abin da aka koya mana a jami'a. Na rubuta musu a allo hanyoyi uku da Aristotal, masanin Girka, ya ce da su ake shawo kan mai sauraro: mutuncin mai magana, taɓa zuciya, da hujja. Wani yaro da ya yi nisa a Islamiyya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, mu a balaga an ce mana magana ta dace da halin da ake ciki." Na ji daɗin wannan ƙwarai, na sa aka rubuta. Suka kwafe tsaf. Aikin da suka kawo a mako na gaba bai bambanta da na farko ba ko kaɗan.

Ana cikin haka, ranar Asabar 19 ga Janairu 2013, aka kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari a kusa da Masallacin Murtala. Allah Ya kuɓutar da Sarki, amma an rasa rayuka. Bayan 'yan kwanaki gwamnatin jiha ta hana sana'ar acaɓa, saboda a kan babura maharan wancan lokaci suka fi zuwa. Wanda ya zauna Kano a makon nan ba zai manta ba. Jama'a cike da titi a ƙafa, A Daidaita Sahu ba su wadata ba, wanda ka samu kuma sai an yi kokawa. Ni kaina daga Ɗorayi har Kabuga na taka kafin na sami abin hawa.

Na iso a makare, tun daga baranda nake jin hayaniyar ajina. Na tsaya a bakin ƙofa ba su gan ni ba. Musu ake yi da Hausa tsakanin yara biyu a kan dokar hana acaɓa. Ɗaya yaro ne marar yawan magana, ashe yayansa ɗan acaɓa ne, shi ke ciyar da gidansu tun rasuwar mahaifinsu, shi ya biya masa kuɗin rajistar jarrabawa, babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai balas. Ɗayar yarinya ce 'yar ɗan sanda. Ta ce tun harin da aka kai wa ofisoshin 'yan sanda a Kano ranar 20 ga Janairu 2012 babanta bai ƙara fita daga gida da kaki a jikinsa ba, a leda yake ɗauka, kuma mahaifiyarta ba ta runtsawa sai ta ji ya turo ƙofa. Ta ce in tana tafiya ta ji ƙarar babur a bayanta, gabanta faɗuwa yake.

Duk abin da na yi mako biyu ina rubutawa a allo, ga shi yana fita daga bakin yaran nan ba tare da sun duba littafi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abu ɗaya ne babu: ba mai sauraren wani.

Na shiga, aji ya yi tsit. Na ce a ci gaba, amma da sharaɗi. Ba wanda zai mayar da martani sai ya fara maimaita maganar abokin musunsa, har shi abokin ya ce, "Haka nake nufi."

Yaron ya miƙe ya ce, "Cewa take talaka ya mutu da yunwa."

Ta ce, "Wallahi ban ce haka ba."

Na ce ya sake. Ya sake, ta girgiza kai. A karo na uku ya daɗe yana kallon tebur, sannan ya ce, "Tana nufin yunwa ana iya yi mata magani gobe, wanda aka harbe kuwa ba ya dawowa." Ta yi shiru, can ta ce, "Haka ne." Da aka zo kanta, ita ma sai da ta yi sau biyu kafin ta iya cewa mutum dubu ne ake hukuntawa a kan laifin mutum goma, kuma ba a tanadar musu komai ba. Ya ɗaga kai.

Sai na ba da aikin gida: kalmomi 450 da Turanci, amma kowa ya kare ɓangaren da ba nasa ba. Bayan an tashi yaron ya biyo ni. Ya ce, "Malama, don Allah, yaya zan rubuta abin da ya kashe wa Yaya kasuwa?" Na ce ban ce ya yarda ba. Na ce in yana son ya tsaya wa yayansa a gaban mutanen da ba su san shi ba, dole ya san maganarsu fiye da yadda suka san ta. Bai amsa ba, ya tafi.

Wani abokin aikina da ya ji labari ya ce ina koya wa yara baki biyu. Na ɗauki maganarsa da muhimmanci, don ni ma ta tsaya mini a rai. Amma na ga bambanci tsakanin wanda ke faɗin abin da bai yarda da shi ba don ya yaudare ka, da wanda ya shiga rigar abokin hamayyarsa na kwana ɗaya kowa yana gani. Har yau a nan na tsaya.

Mako na gaba na ce kowa ya koma ɓangarensa ya sake rubutawa. Takardar yaron nan tana wurina shekaru da yawa. Manyan kalmomi duk sun zube. Sakin layi na biyu gaba ɗaya ya ba wa masu goyon bayan dokar, ya amsa cewa tsoronsu gaskiya ne. Sannan ya kawo lissafin da suka zauna suka yi da yayansa: abin da yake samu a wuni, abin da mai ke ci, balas, da abin da ke isa gida. Ya tambaya me zai hana a yi wa 'yan acaɓa rajista, a ba kowa riga mai lamba, a ƙayyade musu lokaci. Kurakuran nahawu tara na ƙirga, na cire masa maki huɗu da rabi, amma na ba shi 9 a kan abin da ya faɗa. Ban taɓa ba wani haka ba kafin ranar.

Da na karanta wa aji, yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, a ara mini in kai wa Baba ya gani." Na dubi yaron, ya ce ba komai.

Washegari da misalin ƙarfe goma masinja ya leƙo aji ya ce shugaba na nemana. Na shiga ofis na tarar da wani dattijo cikin farin yadi a zaune, takardar na hannunsa. Abin da ya kawo shi, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.