Firez da jarka biyu

Talata, tsakiyar Janairu. Hunturu ya kankama.

Yau ma famfonmu na Zango bai ce uffan ba. Sai wajen ƙarfe 8 mai garuwa ya turo kura, na sayi jarka biyu, Inna tana tsaye a kaina tana lissafi: ɗaya ta tuwo da sha, ɗaya ta wanka. Na firez fa, shukata mai jajayen 'ya'ya masu zaƙi? "Ke Hajara, abin da ba ya shiga miya shi za ki shayar da ruwan kuɗi?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, buta biyu kawai."

Gindi 9 ne, cikin tsofaffin jarkoki da na yanke na huda gindinsu. Wata ƙawata ce ta kawo mini dashen daga Wagadugu a Nuwamba, can da ake noma shi sosai. 'Yan uwanmu na Jos sitiroberi suke ce masa.

Shuka ce mai shagwaɓa. Saiwarta ba ta nitsawa, tana nan sama-sama kamar taƙi ɗaya, shi ya sa iskar hunturu kan busar da ita kafin azahar. Amma in ka cika ruwa sai tsakiyar gindin ya ruɓe. Haka na yi asarar biyu a Disamba. Yanzu yatsa nake tsomawa har gaɓa ta biyu. In na ji sanyi, na wuce. In ƙasa ta zube kamar gari, sai in kwantar da bakin buta in zuba a gefe, a hankali, ban taɓa ganye ko fure ba. Ɓawon gyaɗar da na shimfiɗa a kai yana riƙe laima, 'ya'yan kuma ba sa kwanciya a taɓo.

Da la'asar na kama ƙanena zai juye musu ruwan wanki, wai taimako. Saura ƙiris! Ko ruwa mai kanwa-kanwa ƙona bakin ganyensu yake, balle omo. Mun shirya dai: kwano a ƙarƙashin mai alwala, abin da ya taru nawa ne.

Zafin Afrilu, da ke wuce digiri 40, ban sa ran za su haye shi ba. Amma akwai ɗa guda da ya fara ja ta gefen rana. Na kifa masa tsohuwar rariya saboda ƙadangaru. Inna ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce in ya nuna ita za ta fara ɗanɗanawa, tunda da ruwan alwalarta ya girma.