Daga Jos Zuwa Abuja da Fayil ɗin Goggo

Ana idar da sallar asuba muka bar Unguwar Rogo, sanyin Jos yana ratsa ƙashi. A tasha na biya wa Goggo kuɗin mutum biyu a gidan gaba, don hannunta na hagu ya kumbura tun bayan aikin da aka yi mata a mama, ba ya son matsi ko kaɗan. Likitanta ne ya ce ana gwajin wani sabon magani a wani asibiti a Abuja, ga masu irin tata sankarar, wadda ba ta jin ƙwayoyin da ake ba sauran mata. Irin wannan ta fi kama matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai, amma yawancin gwaje-gwajen magungunanta a can ƙetare ake yi.

A Hawan Kibo kowa ya yi tsit. Goggo ta damƙe carbi, direba yana bin kwana-kwanan gangaren a hankali, ga wata tirela kwance a gefe. Sai da muka tsaya a Akwanga baki ya buɗe. Na sayo mata ayaba, ta gutsura sau ɗaya ta miƙo mini. Tun da aka fara yi mata allurar kemo, wato maganin sankara, komai ɗaci yake mata.

Wani dattijo da ke bayanmu ya ji na ambaci gwaji, ya leƙo.

"Hajiya, gwaji kuma? Kin manta abin da ya faru a Kano?"

"Ban manta ba, Malam," in ji ta. "Amma ciwon nan ma bai manta da ni ba."

Ban ga laifinsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200 a Kano, rabinsu aka ba shi, 11 daga cikin duka yaran suka rasu, kuma har gobe maganar tana bakin mutanenmu. Na dai gaya masa cewa yanzu sai NAFDAC da kwamitin kare haƙƙin marasa lafiya sun amince kafin a fara, kuma mara lafiya yana da ikon janyewa duk ranar da ya so. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Keffi, Masaka, sai cunkoson Mararraba da Nyanya, wanda ya cinye mana fiye da awa guda. Ana kiran azahar muka isa.

An karɓe mu hannu bibbiyu. Sai dai takardar amincewa shafi-shafi ce, duk da Turanci. Wata nas ta ja kujera ta zauna tana fassara mata layi-layi, Allah ya saka mata da alheri. Magani kyauta ne. Amma sai an zo duk bayan mako uku, a ɗebi jini, a ɗauki hoto, wani zuwan ma a kwana.

Goggo ta juyo ta dube ni. "Ɗan nan, wa zai riƙa kawo ni? Kai da aikinka?"

Nan zuciyata ta karye. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana nan a Lamingo, da likitoci da ɗakin gwajin jini. Me zai hana a riƙa ɗibar jininta a can, a turo sakamako ta intanet, ta zo Abuja sai in ya zama dole? Me zai hana a rubuta takardar da Hausa, har a naɗi muryar mai karantawa a waya don waɗanda ba su yi boko ba? Tun 2017 aka yi dokar kafa NICRAT, cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa, kuma ina fata irin wannan aikin ta sa a gaba.

A Masaka muka kwana gidan wata 'yar uwa. Washegari a mota takardar tana cikin jakarta, ba ta sa hannu ba tukuna. Muna wuce Keffi ta ciro ta, ta shimfiɗa a cinyata da hannunta mai lafiya, ta ce in sake karanta mata wurin da aka yi maganar ranakun zuwa.