Daga Ijora zuwa Kano da kifin ƙanƙara

Kawuna kifin ƙanƙara yake sayarwa a Kano, ni kuma sana'ata gyaran firiza da ɗakin sanyi. A tsakiyar daminar da ta wuce ya kira ni ya ce, "Ka bi motar nan zuwa Legas ku dawo tare. Injin sanyinta ya kwana biyu, hankalina bai kwanta ba." Na ɗauki jakar kayan aiki na bi.

Da la'asar muka gama lodi a Ijora, kwali 600 na titus da kote da shawa, kowanne kilo 20. Da aka rufe ƙofa, ma'aunin zafi yana kan digiri 18 ƙasa da sifili, inda ake so daskararren kifi ya zauna. Gabanmu akwai tafiyar sama da kilomita 1,000. Mu uku ne: ni, da direba, dattijo mai furfura da kowa ke kira Baba, sai yaron motarsa. Mun kwana a Ogere, inda manyan motocin Arewa ke yada zango, Hausa ko'ina sai ka ce Kano kake. Injin sanyin, wanda yake da nasa ƙaramin injin dizal da nasa batir daban da na mota, ya kwana yana ruri a saman kanmu.

Washegari muka ratsa Ibadan da Ogbomosho cikin yayyafi. Sau biyu aka tsayar da mu a shinge aka ce mu buɗe a ga kaya, kuma duk buɗewa ɗaya, iskar damina mai ɗauke da laima ce ke kwarara ciki. A Ilori na duba, digiri 12 ƙasa da sifili, sanyi na raguwa. Kafin mu hau gadar Jebba ya koma 8, gabana ya fara faɗuwa.

Baba ya ce, "Gas ne ya ƙare. Mu isa Mokwa a ƙara mana."

Wannan ita ce maganar da na fi ji a sana'ata, kuma ita ta fi cinye kuɗin mutane a banza. Na hau na leƙa ɗan gilashin da ake ganin wucewar iskar sanyin, fes yake, babu kumfa, alamar gas bai ƙare ba. Sai yaron motar ya ce, "Yaya, ni fa tun Legas ban ga ruwa ya ɗigo ta tiyon nan ba. Da can duk bayan 'yan awanni sai ya zubo." Yaron da ba wanda ya tambaye shi, shi ya fara sa mu a hanya.

Na ɗauki tocila na shiga ciki, na sa suka turo ƙofar a bayana. Na rarrafa ta saman kwalaye har gaba. Ragar bututun da ke sanyaya iska ta koma fari fat, ƙanƙara ta cike tsakanin faifayenta kamar an zuba siminti. Na kara tafin hannu a bakin da iska ke fitowa, da ƙyar nake jin motsinta.

Wanda bai san aikin ba zai yi mamakin a ce ƙanƙara ce ta hana sanyi. Laimar da ke cikin iska ce ke daskarewa a jikin ragar, idan ta yi kauri sai ta toshe wa fanka hanya. Shi ya sa aka yi injin da dabarar narkar da ita da kansa: lokaci-lokaci wani bawul yakan juya iskar gas mai zafi da ke fitowa daga kwamfiresa ta bi cikin ragar, wani murfi kuma ya rufe bakin iska don kada zafin ya sauka kan kaya. Ƙanƙarar ta narke, ruwan ya bi tiyo ya fita, sanyi ya dawo. Namu injin kwana ɗaya da yini bai yi haka ba ko sau ɗaya.

A Mokwa muka samu inuwa muka tsaya. Na danna maɓallin narkarwa na hannu, shiru, ko ƙas ɗin rile, wato maɓallin lantarki da ke tayar da narkarwar, ban ji ba. Fiyus lafiyarsa ƙalau. Na ciro ƙwan sigina na ɗaura masa waya biyu na mai da shi abin gwaji, na bi layin a hankali. Wuta tana isowa rilen. Abin da ya rage shi ne hanyar komawarta jikin ƙarfe, wato at. A irin waɗannan tsofaffin injuna, wayar at ɗin takan bi ta wani ɗan maɓalli mai jin zafi da ke manne a jikin ragar. Idan ragar ta yi sanyi sai ya haɗe ya ba da izinin narkarwa, idan ta ɗumama sai ya buɗe ya tsayar da ita. In shi ko wayarsa ya samu matsala, ko agogon injin ko ɗan yatsanka, babu mai iya tayar da narkarwar.

Na ɗauko guntuwar waya na haɗa ƙafar rilen da jikin ƙarfe. Ƙas! Murfin ya rufe, muryar injin ta sauya. Baba ya yi hamdala ya ce, "To ɗana, ka naɗe ta da salatif mu kama hanya."

Na ce, "A'a Baba. In na bar ta a haka babu abin da zai kashe zafin, dafaffen kifi za mu kai wa Kawu."

Na zauna da agogo a hannu. Minti goma, ba ruwa. Tiyon ma ya toshe. Yaron ya zura masa waya, sai ga wani baƙin taɓo ya faɗo, ruwa ya biyo baya yana tsartuwa har ya jiƙa masa riga. Ya fi rabin awa yana zuba kafin na cire wayar.

Sannan na koma ciki na kwance faifan da ke rufe ragar. Maɓallin bai mutu ba. Ƙusar da ke riƙe wayar at ɗinsa ce ta ci tsatsa, kan wayar ya yi kore shar, da na taɓa ya marmashe a hannuna. Shekarun da ya yi yana jiƙewa yana daskarewa ne suka cinye shi. Yatsuna sun ƙage don sanyi, sau biyu sukurdireba yana kuɓuce min. Na yanke ruɓaɓɓen wurin, na goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, na sa sabon kan waya na ɗaure tamau. Kafin magariba ma'auni ya sauka zuwa 15.

Muka bi ta Bida. Cikin dare, kusa da Lapai, na ji rurin da ke saman kanmu ya ɗauke. Duk wanda ya taɓa rakiyar kifi ya san yadda wannan shirun yake tsinka zuciya. Na sa mita a batirin injin, ya gaza bolt 12 nesa ba kusa ba. Bawul ɗin da ke buɗe wa dizal hanya da wuta yake aiki, da ta yi rauni sai ya saki. Bel ɗin altaneta mai cajin batir ne ya saki jiki, cikinsa ya yi santsi yana sheƙi, ramukan hanya sun ƙarasa shi. Muka ɗame shi. Yaron ya jawo wayar jam zai haɗa da batiran mota duka biyu, na riƙe hannunsa: motar bolt 24 ce, injin sanyi 12, daga batir ɗaya kawai za a ɗauka, in ba haka ba a ƙone rile da kowane naɗin waya da ke ciki. Injin ya tashi a bugu na biyu, mita ta nuna kusan 14. Ban runtsa ba har Suleja, kunnena yana sama.

Tsakanin Kaduna da Zariya na ji muryar injin ta sauya da kanta, jim kaɗan yaron ya leƙa ta taga ya ce ruwa na zuba.

Mun shiga Kano bayan azahar. Kawu bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya sa aka sauko da kwalin da ke bakin ƙofa, wanda ya fi kowanne shan zafi. Ya yage shi, ya zaro titus biyu ya gwara su, suka yi ƙara kamar busassun itatuwa. Ya juya ga masu sauke kaya ya ce su yi sauri, rana na yi.