Tiren Gashin da Na Raina

Ranar da na fara gasa biskit a obin, ina tsaye a kicin sai na ji "fau!" daga ciki, kamar an jefi kwano da dutse. Na buɗe da sauri, na tarar tiren ya murɗe, kusurwa ɗaya ta ɗaga sama, biskit ɗin sun zame sun taru a gefe guda. Ƙasansu ya ƙone ƙurmus, samansu kuwa fari fat. Na daɗe ina ɗora wa obin laifi, ashe tiren ne. Ba shi da kauri, kamar murfin gwangwani, kuma ƙarfe idan ya ji wuta buɗewa yake yi. Tsakiyarsa ta riga bakinsa ɗaukar zafi, shi ne ya lanƙwashe.

Takaicin nan ne ya sa na nemi sanin asalinsa. A da burodi a kan daɓen tanda ko dutse mai zafi ake gasa shi kai tsaye. Da murhun ƙarfe mai ɗakin gashi ya bazu a gidajen Turai da Amurka a ƙarni na 19, sai aka buƙaci abu shimfiɗaɗɗe da za a zura a zaro. Alminiyam a lokacin tsada gare shi ƙwarai, sai a 1886 Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar tace shi da lantarki. Daga nan ya yi araha har ya shigo kicin. A gidajen burodin Amurka babban tire inci 18 ne a 26, rabinsa kuma, inci 18 a 13, shi ya fi shiga obin na gida.

Irin wannan rabin na saya, mai kauri, bakinsa a naɗe. Da shi na gane cewa tiren da kansa yana gashi, domin duk gefen abincin da ya taɓa shi ne yake yin ja. Yanzu idan zan gasa dankali da karas, nakan saka tiren a obin tun ana kunnawa, ya kai digiri 220. Ina zuba yankakken dankalin da na shafe da mai sai ka ji "cuu", kafin rabin awa gefensa ya yi ƙamas, cikinsa laushi.

Kuskuren da ya fi ba ni wahalar bari shi ne cunkoso. Ina son in gama komai a zubi ɗaya, sai in tula kayan lambu har su hau juna. Ruwan jikinsu ya rasa hanyar fita, maimakon gashi sai su turaru, su fito jagab. Tun da na koma barin tazarar yatsa guda a tsakaninsu, ko in raba su tire biyu, abin ya gyaru.

Launinsa ma ba ado ba ne. Baƙin tire ya fi jan zafi, don haka biskit na fi son yi a fari, da takardar gashi a shimfiɗe. Ita ma takardar dole ce idan akwai tumatir ko lemon tsami, saboda tsami yana cin alminiyam har ka ji ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Ko obin na kashe, tiren ba ya hutawa. A kansa nake jera yankakkiyar ayaba ɗaya ɗaya in saka a firiza, ta daskare ba tare da ta manne ba, sannan in juye a leda. Idan zan gasa abu mai tafasowa, shi nake sawa a ƙasa ya tare ɗiga.

Nawa yanzu ya yi duhu, da tabon mai a kusurwoyinsa da soso ya kasa fitarwa. Na daina dirzarsa, ruwan ɗumi da sabulu kawai, in goge shi ya bushe.