Wa Ke Biyan Ka? Labarin Shafin Farashin Albasa a Sakkwato

Tambayar da aka fi yi mini tun da na fara wannan aiki ita ce, "To, wa ke biyan ka?" Mahaifiyata ta yi mini ita, abokan karatuna sun yi, har mai shayin bakin layinmu a Mabera ya taɓa yi mini ita wata rana da ya ga na daɗe a kan benci ina danna waya. Shekara biyun farko ba ni da amsar da za ta gamsar da kowa, domin ni kaina ban gama sanin ta ba.

Gidanmu gidan albasa ne. Kawuna dillali ne, tun ina firamare nake bin sa kasuwa duk ranar da babu makaranta. Da na gama Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na yi hidimar ƙasa na dawo gida, aiki bai samu ba, sai na koma zama a rumfarsa. A nan na lura wayarsa ba ta hutawa da safe. Masu saye daga Legas da Anaca da Fatakwal suna kira su ji nawa buhu ya kwana. Manoma daga Goronyo da Wurno da Kware da Gada su ma suna kira su ji ko su loda kaya su kawo, ko su bar shi a rudu har kasuwa ta motsa. Tambaya ɗaya ce, amsa ɗaya, amma sai ya maimaita ta har muryarsa ta dishe. Na ce a raina, me zai hana a rubuta amsar nan wuri guda kowa ya je ya gani?

A farkon 2020 na buɗe shafin. Na sayi adireshi, na biya kuɗin masaukinsa na shekara, wato hayar wurin da ake ajiye shafi a intanet, na ɗora WordPress, manhajar gina shafi, a kai bayan na kwana uku ina kallon bidiyon koyarwa. Kullum bayan asuba zan kira mutum huɗu ko biyar a kasuwanni daban-daban, in rubuta farashin babban buhu da ƙarami, sabuwar albasa da tsohuwa, da yawan motocin da suka yi lodi. Kafin ƙarfe tara na saka. Kuɗin data da katin waya da na caji duk daga aljihuna, ga zafin Afrilu da Mayu da ke sa tsohuwar kwamfutata ta mutu da kanta tsakar rana. Wanda zai shiga harkar nan ya san cewa kuɗi fita suke fara yi, kuma suna daɗewa suna fita kafin su juyo.

Burina a lokacin, kamar na kowane sabon shiga, shi ne AdSense. Tsarin talla ne na Google da aka fara a 2003. Kai za ka ba da fili a shafinka, masu talla su yi gasar saye, kamfanin ya riƙe rabonsa ya bar maka kusan kashi 68 cikin 100. Ba a biya sai kuɗinka sun kai dala 100, kuma tun suna dala 10 za a aiko maka da wata lamba a takarda ta gidan waya don a tabbatar da adireshinka. Da na zauna na karanta ƙa'idojin sai na tarar babu Hausa a jerin harsunan da tsarin ke karɓa. Akwai Larabci, akwai Turanci da Faransanci, amma ba namu. Saboda haka na buɗe wani ɓangare da Turanci don masu saye na Kudu, a can kaɗai na sa tallar. Gidanmu ba shi da lamba, sai da na ari akwatin gidan waya na wani ɗan'uwa kafin takardar ta iso ni.

Wata goma sha huɗu na yi kafin na cika dala ɗarin farko. Dalilin a fili yake in ka fahimci yadda gasar take: mai talla yana biya ne gwargwadon abin da yake tsammanin samu daga mai karatu, kuma mai karatun da ke Amurka ko Ingila ya fi tsada a wurinsu nesa ba kusa ba a kan wanda ke riƙe da ƙaramar waya a Illela. A wannan tsakanin wasu samari suka gayyace ni wani zaure na WhatsApp inda ake danna wa juna talla, kai ka danna mini ni in danna maka. Na ƙi. Ba don na fi su haƙuri ba, sai don na ga cin dukiyar mai talla ne ba da haƙƙi ba, mutumin ya biya ne don mai saye na gaskiya ya gan shi. Daga baya aka rufe asusun biyu daga cikinsu, abin da suka tara ya tafi.

Kuskurena ni a wani wuri ya zo, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi. Da na ga ɓangaren Hausa shi ya fi jama'a amma ba ya kawo ko sisi, sai na yi rajista da wani kamfanin talla da ba ya tambayar harshe ko komai. Cikin awa ɗaya suka karɓe ni. Ni a kwamfutata tallar takalma da waya nake gani, ban san cewa kowane mai karatu da irin tallar da ake nuna masa ba. Kwana tara da farawa, bayan sallar isha'i, Kawu ya aika a kira ni. Na same shi zaune a kan tabarma da wani abokinsa, dattijo mai sayen albasa da ake ganin girmansa a unguwa. Ya miƙo mini waya bai dube ni ba, ya ce, "Wanga abu da nig gani ga shafinka, kai kas sa shi?" Tallar caca ce, ƙarƙashinta kuma hoton mace da ba ya kalluwa, daidai saman farashin Goronyo. Dattijon ya buɗe ne a gaban 'ya'yansa.

Na ce, "Kawu, ba ni na zaɓa ba, kamfani ne." Ya ce shi bai san kamfani ba, ni ya sani, kuma mutane da sunan gidanmu suke buɗe shafin. Ban sake cewa komai ba domin gaskiyarsa ce. A daren na cire komai, na bar musu 'yan dalolin da suka taru, washegari na rubuta ban haƙuri a saman shafin na bar shi mako guda. Tun daga ranar na ɗaura wa kaina doka: abin da ban gani da idona ba, ba ya hawa ɓangaren Hausa.

Kuɗin kirki na farko ƙafa ce ta kawo su, ba intanet ba. Wani Alhaji mai shagon injinan ban ruwa ya zo rumfar Kawu yana tambayar yaron nan mai rubuta farashi. Ya ce manoman fadama da yake nema su ne ke karanta ni kowace safiya, nawa zan karɓa in sa hoton shagonsa da lambarsa na wata guda? Na faɗi kuɗi ina jin kamar na yi yawa, ya biya nan take bai taya ba. Abin da ya ba ni na wata ɗaya ya fi abin da tallar waje ta tara mini a wata huɗu. Ranar na gane cewa na yi fiye da shekara guda ina hangen nesa alhali kasuwata tana gindina. Mutum dubu biyu da duk manoman albasa ne da dillalai sun fi wa mai sayar da taki ko iri ko buhu amfani a kan mutum dubu ɗari da suka shigo kallo suka wuce.

Bayansa mai taki ya zo, sai mai kayan sola, sai wani mai manyan motoci da ke neman lodi zuwa Kudu. Na koyi karɓar kuɗi kafin in sa talla bayan wani ya ci wata biyu yana ce mini gobe. Na koyi rubuta yarjejeniya ko da a saƙon waya ce: ranar farawa, ranar cirewa, wurin da tallar za ta zauna. Fili uku kawai na ware, ba na ƙarawa ko an roƙe ni, domin mai karatuna da 'yar datar da ya saya yake shigowa, in shafi ya yi nauyi bai buɗe ba gobe ba zai dawo ba. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025 na ƙara rage hotuna.

Akwai kuma la'ada. Manyan shagunan intanet irin su Jumia suna da tsarin da in wani ya bi ta shafinka ya yi sayayya za a ba ka kamasho. Na gwada, bai karɓe ni ba, mutanena ba a can suke sayayya ba. La'adar da ta yi mini aiki ita ce irin wadda na tashi na gani a kasuwa: mai saye daga kasuwar Mile 12 ta Legas ya nemi in haɗa shi da dillali amintacce, in ciniki ya faɗa a ba ni nawa. A nan ma na ƙone sau ɗaya. Na haɗa wani mai saye da mutumin da ban taɓa ganin kayansa ba, na dogara da shaidar baki. Kaya suka isa Legas kusan kashi ɗaya cikin uku ya ruɓe, an cusa mai laima a tsakiyar buhu. Na mayar da la'adata, na ƙara da nawa, Kawu ya shiga tsakani har aka raba asarar. Yanzu ba na haɗa kowa da kowa sai na je da kaina an zazzage buhu a gabana.

Abin da ya fi gwada ni bai zo da kamar matsala ba, da fara'a ya zo. Wani babban ɗan kasuwa da ya tara kaya ya kira ni gefe, ya ce in ƙara 'yan dubbai a kan farashin da zan rubuta na kwana uku kacal, zai ba ni abin da ya fi kuɗin tallar wata shida. A lokacin ina neman kuɗin haya. Na kwana ina juyi. Abin da ya tsayar da ni shi ne tunanin manomin da zai ga lambar, ya ɗauki hayar mota daga Gada, ya iso ya tarar ƙarya ce, ga kuɗin mota a wuyansa. Na ba shi haƙuri. Ya yi fushi, ya daina gaishe ni na wani lokaci. Masu maganin gargajiya da ke cewa maganinsu na warkar da kowace cuta su ma sun sha zuwa da kuɗi a hannu, ban karɓa ba. In kuwa na karɓi kuɗi na rubuta bayani a kan kayan wani, to kalmar "Talla" tana sama da manyan baƙaƙe.

Wasu abubuwan ba su cikin kowane darasi da na kalla. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga. Dare ɗaya na rasa rabin masu ba ni labari da kuma masu karatu da yawa. Sai na koma tashar mota ina tarar direbobin da suka shigo, abin da suka faɗa in rubuta in ce daga bakin direba ne, inda ban samu ba in rubuta cewa yau babu labari. Masu talla biyu suka janye. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, hanyar Illela zuwa Ƙonni ta tsaya har Maris 2024, a lokacin kuma jama'a suka ƙaru domin kowa na son jin abin da rufewar ta yi wa kasuwa. A 2023 ɗin dai aka saki naira kasuwa ta yanke darajarta, dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin masaukin shafina da dala nake biya, sai ya ninka fiye da sau uku. Na kwashe na koma wani kamfani na gida da ke karɓar naira.

Abin da ya fi riƙe ni a yau wata dabara ce da wani manomi ya ba ni ba tare da ya sani ba. Ya ce mini shi ajami ya iya, boko sai ɗansa na gida yake jin abin da na rubuta. Daga nan na fara karanta farashin da murya, minti biyu, in tura a WhatsApp. Shafin ya ci gaba da zama kyauta ga kowa, amma mai son saƙon murya tun ƙarfe bakwai, kafin a saka a shafi, da labarin motoci da halin hanya, yana biyan ɗan abu kaɗan duk wata ta tura kuɗi ko ta mai POS. Ba su da yawa, amma ba sa fashi, kuma daga kuɗinsu nake saya wa masu ba ni labari kati, in ɗan ba su na goro a ƙarshen wata. Da na fara biyan su sai labarin ya ƙara inganci, domin yanzu mutum yana zagaya kasuwa ya tambaya kafin ya ɗauki wayata.

In aka jera hanyoyin bisa abin da suke kawowa, tallar 'yan kasuwar gida ce gaba, sai masu biyan wata, sai la'ada lokacin kaka, tallar waje kuma tana can ƙarshe, takan biya kuɗin data. Da rani in albasa ta cika kasuwa ta yi arha harka takan yi sanyi, sai wajen ƙarshen shekara da kaya ke tsada waya ta dawo da ƙara, don haka nakan ajiye na watannin shiru.

Masu karatu sun daɗe suna roƙon in ƙara tafarnuwa da tattasai, har mai taki ya ce zai ƙara kuɗin tallarsa in na yi. Na sami mutum ɗaya da na yarda da shi a kan tafarnuwa, amma ba na rubuta farashi daga baki ɗaya. Ranar kasuwa mai zuwa zan hau mota in je Wurno in zauna da wani da aka yi mini kwatancensa, in ga yadda yake ciniki.